Yukaristi: abincin da ƴan Katolika ba sa yi wa baƙo bisimilla

A ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Dogon Kiriya, abin kunya ne mutum ya ci abinci baƙo na kallo bai ce masa bisimilla ba. Shi ya sa Musulmin da abokin aiki ya gayyata ɗaurin aure ko jana'iza a majami'ar Katolika yakan fito da tambaya. Ya ga mutane sun yi layi, mompera yana ba kowa wani ɗan farin burodi sirara, mai kewaye kamar tsabar kuɗi, amma shi an ce ya zauna. Wani ma yakan ɗauka raini ne. Dalilin yana cikin abin da ƴan Katolika suka gaskata game da wannan burodi.

Sunan ibadar Yukaristi, kalmar Girkanci mai nufin godiya, taron da ake yin ta kuma shi ne Misa. Asalinta, in ji Linjila, jibin ƙarshe ne da Yesu Almasihu ya ci da almajiransa a Urushalima, inda ya ba su gurasa da ruwan inabi a matsayin jikinsa da jininsa, ya umarce su su riƙa yin haka. Yawancin majami'un Furotesta na Nijar, irin su EERN, suna yin Jibin Ubangiji domin tunawa. Katolika kuwa suna cewa abin ya wuce tunawa: da zarar limamin ya faɗi kalmomin keɓewa, kamanni da ɗanɗano suna nan yadda suke, amma ainihin abin ya zama jikin Almasihu da jininsa. Taron Lataran na 1215 ya rubuta wannan koyarwa, taron Trento na ƙasar Italiya, wanda Turawa ke kira Trente, ya ƙara tabbatar da ita a 1551. Suna kuma ɗaukar Misa a matsayin hadaya, sai dai babu yanka, domin a wurinsu hadayar gicciye ce guda ɗaya ake kawowa gaban jama'a.

Wanda ya riƙe wannan zai gane sauran dokokin. Miƙa hannu a karɓa shaida ce cewa mutum ya yarda da wannan imani, don haka ba za a sa baƙo ya shaida abin da bai yarda da shi ba. Ƴan gida ma ba kowa ke karɓa ba. Sai wanda aka yi wa baftisma kuma aka koyar da shi. Yara sukan fara ne daga wajen shekara 7, tun dokar Paparoma Pius na 10 ta 1910. Mai babban zunubi sai ya fara zuwa ikirari wurin limami. Ana barin ci da sha, ban da ruwa da magani, awa 1 kafin karɓa. Abin da ya rage bayan Misa ana kulle shi cikin wani ɗan akwati da fitila ke ci kusa da shi, shi ne abin da suke durƙusa wa idan sun shiga majami'a.

Inda maganar ta fi shafar ƙasarmu shi ne wajen kayan haɗi. Doka ta ce burodin na alkama ne zalla, a tsarin Roma kuma marar yisti, abin sha kuwa ruwan ƴaƴan inabi. To, manomin Dogon Kiriya hatsi da wake yake nomawa, alkamar Nijar sai a garake irin na Ayar da wuraren noman rani, ruwan inabin kuma daga waje ake shigo da shi. Me zai hana a yi da hatsi, abincin da mutane suka sani? An yi wannan muhawara da gaske. A shekarun 1970 an gwada Misa da gurasar hatsi da giyar hatsi a yankin Pala na ƙasar Cadi, Roma ba ta amince ba. A 1995 wani limami da ya yi aiki a arewacin Kamaru, René Jaouen, ya wallafa littafi sukutum kan batun. Masu goyon baya suna cewa Almasihu ya ɗauki abincin yau da kullum na mutanensa ne. Fadar Vatican tana cewa ba ta da ikon sauya abin da shi da kansa ya ɗauka, kuma wasiƙar 2017 da ta sake jaddada alkama, ɗan Afirka ne ya sa mata hannu, Kadinal Robert Sarah na ƙasar Gine.

Matsala ta biyu limami ce. Katekis, wato malamin da ke koyar da addini a ƙauye, yana iya jagorantar addu'ar Lahadi, ya karanta Littafi Mai Tsarki, amma ba ya iya keɓe burodi. Jihar Dosso tana ƙarƙashin babbar diyosis ta Yamai, wadda Monsanyar Laurent Lompo ke shugabanta, limamai kaɗan ne, ƙasa kuma da faɗi. Malamin lakwal ko ma'aikacin asibiti ɗan Katolika da aka tura Dogon Kiriya, idan yana son Misa, hanyar Dogon Dutsi zai kama, inda Mishan Katolika ta daɗe da zama. Dokar coci ta wajabta karɓa aƙalla sau 1 a shekara, a lokacin Ista, amma mai imani ba ya ganin wannan ya ishe shi.

Rashin tsaro ya ƙara tsananta abin a yammacin ƙasa. A watan Satumba na 2018 ƴan bindiga suka sace Pier Luigi Maccalli, limamin Bomoanga da ke kusa da iyakar Burkina Faso. Sai a watan Oktoba na 2020 aka sako shi a Mali. Shekara 2 ya yi a hannunsu, babu burodi, babu ruwan inabi, bai yi Misa ko sau ɗaya ba, mutanen ƙauyukan da yake zagayawa kuma suka koma ga addu'ar katekis.