Lungun Tekun Frobisher: Inda Shafaƙi Ba Ya Ɓuya, Amma Ana Sallar Isha'i

A can arewa maso gabashin Kanada, a jikin tsibirin Baffin, akwai wani lungu da teku ya kutsa cikin ƙasa tsawon kimanin kilomita 230. Sunansa Frobisher, sunan wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila, Martin Frobisher, wanda ya shige shi a 1576 yana zaton hanya ce mai ɓullewa zuwa ƙasar Sin. Sai a 1861 Charles Francis Hall ya tabbatar cewa lungu ne mai ƙarshe.

Ƙasar da ke kewaye da shi duwatsu ce da tuddai, babu itatuwa saboda tsananin sanyi. Ruwan yakan daskare fiye da rabin shekara, har mutane su riƙa tafiya a kansa. A kowace rana teku yakan cika ya janye sau biyu, kuma tazarar cikarsa da janyewarsa takan kai mita 7 zuwa 11. A ƙarshen lungun ne garin Iqaluit yake, babban birnin yankin Nunavut tun 1999, mai mutane dubu bakwai da 'yan kai. Ma'anar sunan a harshen Inuit ita ce wurin kifi mai yawa. Babu titin mota da ya haɗa shi da sauran Kanada: jirgin sama ne, ko jirgin ruwa idan ƙanƙara ta narke.

A wannan gari aka buɗe masallaci a watan Fabrairun 2016, kuma azumin shekarar ya kama a farkon Yuni. A nan ne labarin ƙasa ya haɗu da fiƙihu. Garin yana kusa da digiri 64 arewa. A ƙarshen Yuni yininsa ya haura sa'o'i 20, a Disamba kuwa bai kai biyar ba. Mu a Kano ko Sakkwato, yininmu ba ya wuce tsakanin sa'o'i 11 da 13 duk shekara.

Rana tana faɗuwa a Iqaluit, amma a tsakiyar shekara shafaƙi ba ya ɓuya har ya haɗe da hasken alfijir. To, yaushe Isha'i ta shiga? Yaushe mai sahur zai kame baki?

Malamai sun dogara da hadisin Nawwas ɗan Sam'ana da Muslim ya ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya umurci sahabbai su ƙaddara lokutan salla a doguwar ranar Dujal. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke cewa a yankin da ke tsakanin digiri 48 da 66, a ƙaddara Isha'i da Asuba a ranakun da alamominsu suka ɓace. Game da azumi kuwa an samu saɓani. Wasu sun ce muddin akwai dare da rana, a kame har faɗuwar rana, wanda ya kasa ya sha ya rama. Wasu, kamar hukumar fatawa ta Masar, sun halatta bin lokacin Makka idan yini ya yi tsawo ainun. Cikin Musulmin garin akwai masu bin lokacin Ottawa.

Ya 'yan'uwa, wanda bai san yadda rana take tafiya a can ba, ba zai iya ba da fatawa a kan wurin ba. Saboda haka ɗalibin fiƙihu kada ya raina ilimin ƙasa da falaki. Iyayen da 'ya'yansu ke tafiya karatu arewacin duniya su sa su koyi wannan babi kafin tafiya, su kuma lazimci jama'ar masallacin garin da suka sauka.

Allah Ya ƙara mana fahimtar addininSa.