Neman mai a Kebbi: Ina za a zuba dagwalon rijiya?

Manoman shinkafa a fadamar Gwadangaji da ke gefen Birnin Kebbi ba sa shan wahalar ruwa da rani. Bututu ake kafawa ba zurfi, injin ban-ruwa ya jawo. Wannan kusancin ruwa da doron ƙasa shi ne arzikin kwarin Rima, kuma shi zai fara shiga haɗari ranar da injin haƙar mai ya iso.

Kwarin Sakkwato, wanda ya haɗa da Kebbi, na cikin yankunan da gwamnati ke hasashen samun mai. Dokar man fetur ta PIA ta 2021 ta ware asusu na musamman domin irin wannan bincike, kuma a Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe.

Ana ta maganar arziki, amma ba a cika maganar rami ba.

Duk rijiyar mai tana fitar da shara. Ana tura wani taɓo mai haɗin sinadarai cikin rijiyar don ya sanyaya bakin injin, ya kuma kwaso ɓarɓashin dutse. Abin da ya dawo sama kan zo da gishiri da maiƙo, wani lokaci har da ƙarafa masu guba. Hanya mafi araha ita ce a tona rami a gefe a juye. Idan ba a shimfiɗa leda mai kauri ba, dagwalon ya tsiyaye ƙasa. Ko an shimfiɗa ma, leda ba ta tare ambaliya, kuma mutanen Kebbi ba su manta da ta 2020 ba, wadda ta shanye gonakin shinkafa. Ruwan da ya bi ta kan irin wannan rami fadama zai nufa, inda masunta ke kamun kifi.

Chadi ta ga haka. A Agustan 2013 gwamnatin ƙasar ta dakatar da kamfanin CNPC na China bayan an gano yana zuba ɗanyen mai a ramuka a Koudalwa, kudu da N'Djamena. Ta ci shi tarar dala biliyan 1.2, daga baya aka sasanta a kan miliyan 400.

A Najeriya doka ba ta yi ƙaranci ba. Akwai ƙa'idojin muhalli na EGASPIN tun 1991, ga hukumar NUPRC mai ba da lasisi, ga NOSDRA mai bibiyar malalar mai. Sai dai rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya nuna yadda ƙa'ida ke zama a takarda, guba na shiga rijiyoyin sha.

Akwai mafita: a tara dagwalon a tankunan ƙarfe a kwashe, ba tare da tona rami ba. Ya fi tsada, shi ya sa kamfani ba ya yi sai an tilasta masa.

Damar jama'a ita ce dokar tantance illar aiki ga muhalli ta 1992, wadda ta wajabta baje rahoto don mutane su yi ƙorafi kafin a amince. Da Turanci ake rubuta rahoton, kuma kwanakin aiki 21 kawai ake bayarwa.