Ɗan Halifa da Masana'antun Garin Ubansa

A ƙarshen watan Yuni na 2021, a fadar Versailles da ke wajen birnin Faris, shugaban Faransa Emmanuel Macron ya ƙaddamar da Majalisar Kasuwanci ta Faransa da Najeriya, aka ɗora Abdul Samad Rabi'u a kan kujerar shugabancinta na farko. Ba ƙananan mutane ne a majalisar ba, don har da Aliko Ɗangote da Tony Elumelu. Baƙo in ya ji sunan sabon shugaban, siminti da sukari ne za su faɗo masa a rai. Bakano kuwa gida zai fara tunawa, gidan Halifa Isyaku Rabi'u na Goron Dutse.

Gidan na allo da tawada ne tun kafin ya zama na dukiya. Kakan Abdul Samad, Malam Muhammadu Rabi'u Ɗantinki, malamin Alƙur'ani ne da ya yi suna. Mahaifin Abdul Samad kuwa, Isyaku, ya haddace Alƙur'ani, ya je gabas neman ilimi har Maiduguri, sannan ya dawo ya shiga kasuwa a farkon shekarun 1950. Da kekunan hawa da kekunan ɗinki da littattafan addini ya fara, yana dillancin kayan kamfanin UAC, daga nan ya faɗa harkar yadi. Abin da ya bambanta shi da yawancin attajiran zamaninsa shi ne bai tsaya ga saye da sayarwa ba: ya kafa masaƙar Bagauda a Kano, ya zama mai ƙera kaya da kansa. Duk da haka bai ajiye carbi ba, har ya zama Halifan Tijjaniyya, kuma da wannan suna aka fi kiransa har rasuwarsa a watan Mayu na 2018.

A wannan gida mai yawan 'ya'ya aka haifi Abdul Samad ranar 4 ga Agusta, 1960. Ya yi karatun farko a Kano, sannan ya tafi Jami'ar Capital da ke Columbus a jihar Ohio ta Amurka, inda ya karanta tattalin arziki. Dawowarsa ba ta zo da sauƙi ba. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta tsare mahaifinsa bisa zargin da ya shafi harajin shigo da shinkafa, sai ga matashi ɗan shekara 24 da ragamar kamfanonin gida a hannu. Mutane kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma wannan ɗan barewa ya koyi gudu ne ranar da uwar ke cikin tarko, kuma a ganina wannan shekarar ta fi digirin Ohio yi masa tasiri.

A 1988 ya kafa nasa kamfanin, BUA. Da me ya fara? Da shigo da shinkafa, da man girki, da fulawa, da ƙarfe. Kwangilar kai kaya ga kamfanin ƙarafa na Delta a 1990 ce ta ɗaga shi. A 2001 ya sayi Nigerian Oil Mills, tsohuwar matatsar man gyaɗa ta Kano wadda iyalan Calil, 'yan asalin Labanan, suka kafa tun zamanin dalar gyaɗa. Ya buɗe injinan fulawa a Legas da Kano, ya kafa matatar sukari a Legas a 2008, ya kuma karɓi rinjayen hannun jari a kamfanin siminti na Sakkwato a 2009.

To, ɗauki taswira ka duba inda manyan masana'antunsa suke. Siminti na Sakkwato da Okpella ta jihar Edo. Sukari na Legas da Fatakwal. Matatar man fetur da ya ƙulla yarjejeniyarta da kamfanin Axens na Faransa a 2020, wadda ta ƙara kusanta shi da Faransawa, a Akwa Ibom aka tsara ta. Haka labarin yake ga Ɗangote, tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata: manyan masana'antunsa na Obajana da Lekki. Kano na haifar masu masana'antu, amma masana'antun a wani gari suke girma.

Akwai masu ɗaukar wannan a matsayin juya wa gida baya. Ni ban ga haka ba, lissafi ne. Siminti dole ya bi dutsensa. Alkama da ɗanyen sukari ta teku suke shigowa, Kano kuwa tafiyar kusan kilomita 1,000 ce daga tashar Apapa, kuma tirela ce ke ɗaukar kayan tun da jirgin ƙasa ya ja baya. Jirgin nan da ya iso Kano a 1911 shi ne ya share wa Bompai hanya, unguwar masana'antu mafi tsufa a garin. Sharaɗa da Challawa daga baya suka biyo, lokacin da kuɗin fetur ya yawaita. Sharaɗa ta cika da masu robobi da abinci da saƙa, Challawa ta zama matattarar majemu. Sai tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya naira, kayan gyaran inji suka yi tsada, atamfar fasa-ƙwauri ta cika Kantin Kwari, wuta kuma ta zama sai an gani. Wanda ya bi titunan Sharaɗa yau zai ga ƙofofin da tsatsa ta ci, da tsoffin masana'antun da suka koma ɗakunan ajiyar kayan waje. Waɗanda suka rage suna aiki, dizal ne ke cinye musu riba. Ka tambayi kowane manaja a can damuwarsa, kafin ya ce jari zai ce wuta. Shi ya sa bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yuni na 2020, ya fi kowace kujera a Turai shiga hirar masu masana'antun Challawa.

Majalisa irin ta Versailles ba ta gyara taransifoma. Aikinta haɗa masu jari da masu fasaha, kuma shugabanta kan ja zance ne zuwa inda ya san riba take. Abdul Samad ya san Kano ciki da bai, ya san abin da ya durƙusar da masaƙu irin ta mahaifinsa, kuma inda lissafi ya yarda, ya zuba jari a gida. BUA na da injin casar shinkafa a Kano, domin a nan ɗanyar take, a gonakin rani na Kura da Kadawa da ruwan Tiga ke shayarwa. Ita ce dai hajar da aka tsare Halifa a kanta a 1984, wadda ɗansa ya fara shigo da ita ta teku a 1988.