Su Wane Ne Ke Aiki a Ƙungiyoyin Raya Al'adu na Sa Kai? Bayani ga Jama'ar Jega da Aliero da Maiyama

Ƙungiyar raya al'adu ta sa kai ita ce wadda mutanen gari suka kafa da kansu domin kiyaye kiɗa da waƙa da wasan kwaikwayo da sana'o'in hannu, ba domin neman riba ba. Abin da ake nufi da rashin neman riba shi ne, duk kuɗin da ya shigo, na gudummawa ne ko na wasa, ba a raba shi tsakanin 'yan ƙungiya, sai dai a mayar da shi cikin aikin. Sau da yawa akan ɗauka cewa irin wannan ƙungiya taron makaɗa ne kawai ko na marasa aikin yi, alhali ba haka abin yake ba. Ƙungiyar da ta kafu sosai takan haɗa mutane masu asali daban-daban da buƙatu daban-daban, kuma sanin kowane rukuni shi ne matakin farko na tafiyar da ita ko taimaka mata.

Masu gadon sana'a

Rukuni na farko su ne waɗanda suka buɗe ido suka tarar da sana'ar a gidajensu. A ƙasar Hausa kusan kowace sana'a tana da kiɗanta: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta gayya, taushi da kotso kuma na fada. Haka nan akwai masaƙa da marina da dukawa da magina tukwane. Jega ta yi suna da kasuwarta tun ƙarni na 19, kuma babbar kasuwa ba ta rasa irin waɗannan masu sana'a. A Aliero ma an san yadda ɗori yake bin gida daga uba zuwa ɗa. Mafi yawan ilmin waɗannan mutane a ka yake, ba a rubuce ba. Babban abin da ya dame su shi ne samun magaji da samun kasuwa, domin idan sana'a ba ta ciyar da mai ita, ɗansa ba zai tsaya a kanta ba.

Malamai da ma'aikata

Rukuni na biyu su ne malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da malaman gona da waɗanda suka yi ritaya. Su ne sukan riƙe muƙamin sakatare ko ma'aji, su rubuta takardu, su tsara labarin wasa. Wannan ba sabon abu ba ne. Alhaji Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina lokacin da ya shiga gasar rubutu ta 1933 da littafinsa Ruwan Bagaja. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, tsohon soja ne, kuma daga zaman bariki ya samo halayen Samanja da ya shahara da su. Abin da ke jan hankalin wannan rukuni shi ne isar da saƙo: rigakafin yara, tsabtar ruwan sha, tura 'ya'ya makaranta, da zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya.

Mata

Mata su ne ke riƙe da waƙoƙin niƙa da na daɓe da na reno, da kiɗan ƙwarya, da tatsuniya, da saƙar faifai da tabarma da ƙunshi. Galibi ba a ganinsu a dandali, amma ba a yin biki ko suna ba tare da su ba. Buƙatarsu ita ce wurin taro da lokacin da suka dace da mutuncin gida, da kuma ɗan jarin da za su juya. Ƙungiyar da ba ta da reshen mata ƙarƙashin shugabancin mace, to, ta bar babban kaso na al'adar garinta a baya.

Matasa da ɗalibai

Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a Aliero a 2006, da kwalejin koyon aikin lafiya da ke Jega, suna tara matasa daga sassa da dama. Ga kuma samarin gari masu dambe da kokawa da tashe a watan azumi. Su ne suka iya ɗaukar murya da hoto da wayar hannu, abin da suke nema kuwa shi ne horo da hanyar dogaro da kai. Amfaninsu a bayyane yake. Marigayi Muhammadu Gambo, mawaƙin nan ɗan Fagada ta ƙasar Maiyama, duk da ce-ce-ku-cen da jigon waƙoƙinsa ya jawo, har yau masana Hausa suna nazarin hikimar harshensa saboda an ɗauki muryarsa. Dattijon da ya rasu ba a ɗauki tasa ba, ya tafi da abin da ya sani.

Inda saɓani yake tasowa

Kasancewar buƙatu sun bambanta, saɓani ba ya rasa faruwa. Makaɗin gado ya saba da karɓar kyauta hannu da hannu, shi kuwa ma'aji yana son a rubuta kowane kwabo. Malamin makaranta yana da hutun ƙarshen mako, amma manomi ba shi da sukuni da damina, ko lokacin dashe da cirar albasa. Maganin wannan shi ne a zauna tun farko a rubuta tsarin mulkin ƙungiya, a fayyace abin da yake na asusu da abin da yake ladan mai wasa, a kuma tsara ayyuka bisa kalandar noma. Tun daga shekarun 1970 malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka riƙa shiga ƙauyuka irin su Maska da Bomo suna shirya wasan kwaikwayo a kan matsalolin manoma. Darasin da aka koya a can shi ne, wasa ya fi tasiri idan mutanen gari ne suka zaɓi matsalar, kuma su ne suka fito a cikinsa.

Abin da ya rataya a wuyan jami'ai da masu unguwanni

Ya kamata jami'an raya karkara na ƙananan hukumomi su tanadi jerin masu fasaha na kowace mazaɓa, tare da sana'ar kowa da shekarunsa, a fara ɗaukar bayanan tsofaffi. Ƙungiyar da ke son buɗe asusun banki da sunanta ko neman tallafi daga nesa za ta iya naɗa amintattu ta yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC, bisa Dokar Kamfanoni ta 2020. Har ila yau, wajibi ne a sanar da hakimi da dagaci kafin kowane wasa, a tuntuɓi malaman addini, a kuma nisanta ƙungiya daga siyasar jam'iyya da zambo da habaici ga wani mutum.

Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya shiga jerin al'adun duniya na hukumar UNESCO a 2016 ne saboda masunta da makaɗa da 'yan kokawa ba su saki abin da suka gada ba. Saboda haka ana kira ga jama'ar waɗannan ƙananan hukumomi uku da kowa ya kawo abin da ya iya, mai ganga da gangarsa, mai alƙalami da alƙalaminsa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.