Eko, Ikko da Legas: Tarihin Sunayen Birnin Bakin Teku

Birnin Legas, wanda ke gaɓar Tekun Atlantika a kudu maso yammacin Najeriya, shi ne mafi yawan jama'a da hada-hadar kasuwanci a ƙasar nan, kuma sunansa ba baƙo ba ne a Surko da sauran garuruwan Birnin Kudu da Gwaram a Jihar Jigawa, inda matasa ke zuwa can ci-rani, fatake kuma ke lodin dabbobi da amfanin gona zuwa kasuwanninsa. Har yanzu dattawa da dama Ikko suke ce masa, Yarabawa kuwa Eko, kuma kowane suna yana nuna al'ummar da ta taɓa barin sawunta a garin.

Mutanen da suka fara zama a tsibirin Legas, wato ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina, su ne Awori, wani reshe na Yarabawa da ke rayuwa da su da noma. Wajen ƙarni na 16 masarautar Binin ta shimfiɗa ikonta a wurin, kuma daga wannan dangantaka ne sarautar Oba na Legas ta samo tushe. Saboda haka masana suka rabu biyu game da asalin sunan Eko: wasu suna ganin kalmar mutanen Binin ce mai nufin sansanin yaƙi, wasu kuma suna danganta ta da oko, wadda ke nufin gona a Yarabanci, suna kafa hujja da cewa fadar Oba, wato Iga Idunganran, ita kanta a gonar barkono aka gina ta.

Sunan Legas kuwa ta teku ya zo. A shekarar 1472 wani matuƙin jirgin ruwa ɗan ƙasar Fotugal mai suna Rui de Sequeira ya iso yankin, aka kuma san wurin a taswirorin mutanen Fotugal da Lago de Curamo, domin lago a harshensu tafki ne, lagos kuma tafkuna, sannan akwai wani gari mai tashar jiragen ruwa a kudancin Fotugal da ke amsa wannan suna. Wannan mashiga ta ruwa ce ta mayar da garin babbar kasuwar bayi a farkon ƙarni na 19, abin da Turawan Ingila suka fake da shi suka yi wa garin ruwan wuta a 1851, suka tuɓe Oba Kosoko suka mayar da Akitoye, kafin Oba Dosunmu ya sa hannu a yarjejeniyar miƙa musu garin ranar 6 ga Agusta, 1861. Da mulkin mallaka ya zauna, sunan da Turawa suka sani shi ya shiga takardun hukuma.

Hausawa ba 'yan kallo ba ne a wannan tarihi, domin a 1863 wani Baturen Ingila mai suna John Glover ya kafa wata 'yar runduna ta Hausawa a garin, wadda daga gare ta ake lissafin mafarin sojan Najeriya, kuma unguwar Obalende ta bunƙasa ne da zaman irin waɗannan sojoji da iyalansu. Bayan da layin dogo ya isa Kano a 1911, gyaɗa da fatu suka riƙa gangarawa bakin teku, goro kuma yana haurowa arewa, lamarin da ya ƙarfafa zangon Hausawa a Agege. Yadda Bahaushe ya riƙe Ikko, wanda Eko ne aka lanƙwasa shi bisa harshen Hausa, yana nuna cewa daga bakin masu garin ya ji sunan, ta hanyar fatauci da cuɗanya.

Legas ta zama hedkwatar Najeriya a 1914, aka ƙirƙiro jiharta a 1967, sannan aka mayar da fadar gwamnatin tarayya Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, 'yan watanni bayan kafa Jihar Jigawa. Duk da haka ragamar ciniki ba ta bar hannunta ba. Ya kamata malamai da iyaye a Birnin Kudu da Gwaram su riƙa sanar da yara wannan tarihi, domin matashin da ya san cewa Hausawa sun haura shekara 150 suna da hannu a ginin Ikko zai zauna a can da mutunci, ya kuma girmama masu masaukinsa.