Yadda mutanen Suwidin ke raya furanni cikin ƙanƙara

Suwidin ƙasa ce a can arewacin Turai. Doguwa ce ƙwarai: daga kudancinta zuwa arewacinta ya fi kilomita 1500. Mutanenta sun ɗara miliyan 10, babban birninta kuwa shi ne Sitokolm.

Baƙon da ya sauka can a watan Yuli, abin da zai fara gani shi ne furanni. Ga su a taga, ga su a bakin ƙofa, ga su rataye a baranda, ja da fari da ruwan hoda. In ya koma a watan Janairu, ba zai ga ko ɗaya a waje ba. Ƙasa ta yi fari fat, itatuwa da yawa sun kaɗe ganye. Amma furannin suna nan da ransu. An shigar da su ɗaka an adana, kamar yadda manomi ke adana irinsa a rumbu. Wannan adanawa ita ce babban aikin mai furanni a ƙasar sanyi. Wanda ya yi sakaci da ita sau ɗaya, ya rasa shukar da wataƙila kakarsa ce ta bar masa.

Sanyi da duhu

Ana auna zafi da sanyi da digri. A digri sifiri ruwa ke daskarewa ya zama ƙanƙara. Ma'aunin ma sunan wani masanin Suwidin yake ɗauke da shi, Selsiyus, mutumin garin Ufsala, wanda ya tsara shi a 1742. To, a ƙasar tasa, sanyi yakan sauka ƙasa da sifiri wata da watanni. A arewa digri 20 ko 30 ƙasa da sifiri ba abin mamaki ba ne. A watan Fabrairu na 1966 an auna digri 52,6 ƙasa da sifiri a wani ƙauye na arewa. Ƙasa kanta takan daskare ta yi tauri kamar dutse, a wasu wurare zurfin fiye da mita guda. Fartanya ba ta shiga.

Ga kuma duhu. A Maraɗi ko Damagaram yini da dare kusan tsawonsu ɗaya ne duk shekara. A can ba haka ba ne. A watan Disamba, yinin Sitokolm awa 6 ne kawai. A garin Kiruna, can ƙuryar arewa, rana ba ta fitowa sam har wajen mako uku.

Jikin shuka cike yake da ruwa. In ruwan nan ya daskare sai ya kumbura, ya farfasa naman ganye da na kara daga ciki. Da gari ya waye sai a tarar ganyen ya yi baƙi ya langaɓe, kamar an dafa shi. Shukar da ke cikin tukunya ta fi ta ƙasa shan wuya, domin sanyi yana kama saiwarta ta ko'ina. Ita kanta tukunyar, in ta yumɓu ce kuma ta jiƙe, takan tsage. Abin mamaki, dusar ƙanƙara ba abokiyar gaba ba ce ga shukar da ke ƙasa. In ta lulluɓe garka sai ta zama mata bargo. Shekarar da aka yi sanyi mai tsanani babu dusa, ita ce masu garka suka fi tsoro.

Baƙuwa daga Afirka

Ɗaya daga cikin furannin da aka fi gani a tagogin Suwidin sunansa jeraniyom. Su can suna ce masa pelargon. Sunan ya fito daga kalmar Girkanci mai nufin shamuwa, domin kwanson ƴaƴansa dogo ne mai tsini kamar bakinta. Asalinsa Afirka ta Kudu ne, inda yake tsirowa a daji. Jiragen ruwa ne suka kai shi Turai, yau shekara fiye da 300. Da fari a gidajen sarakuna da attajirai kaɗai ake ganinsa. Daga baya, cikin shekarun 1800, ya shiga gidajen talakawa.

Ɗan ƙasar rana ne. Karansa kauri ne, yana riƙe ruwa, don haka yana jure ƙishirwa. Amma dare ɗaya na daskarewa ya isa ya kashe shi.

Kala-kala ne. Akwai mai fure ruwan hoda da ake kira Morbaka, sunan gidan Selma Lagerlof, marubuciyar da ta samu kyautar Nobel a 1909. Akwai kuma wani mai ƙamshin ganye da ake kira furen likita Westerlund. Shi wannan likitan, wanda ya rasu a 1924, yakan ce a ajiye shi a ɗakin maras lafiya don iska ta yi daɗi. Har yau da sunansa ake kiran furen.

Barcin hunturu

Aikin yana farawa a watan Satumba ko Oktoba, gwargwadon wurin da mutum yake. Uwar gida tana sauraren labarin yanayi kowace yamma. Ran da aka ce daren yau za a yi daskarewa, ran nan za a kwashe tukwane duka a shigar. A tsinke furannin da suka rage, a cire busassun ganye, a duba ƙwari.

Wanda bai sani ba zai ce a kai su ɗakin da ya fi ɗumi. Nan ne kuskure. Gidajen Suwidin suna da ɗumi ƙwarai, kusan digri 20, kuma abin ɗumama ɗaki yawanci a ƙarƙashin taga yake. In shuka ta ji ɗumi sai ta ɗauka lokacin girma ya yi. Ta yi toho, alhali babu hasken da zai ciyar da ita. Tohon ya fito dogo, siriri, fari-fari, kamar geron da ya tsiro a ƙarƙashin inuwa. Ta ƙone abincin da ta tara a banza, kafin rana ta dawo ta galabaita.

Abin da take bukata shi ne wuri mai sanyi amma wanda ba ya daskarewa, digri 5 zuwa 10, da ɗan haske. Wasu suna sa ta a matakalar bene, wasu a zauren gilashi, wasu a tagar ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Wanda ba shi da irin wannan wuri yakan rataya mata fitilar lantarki ta musamman, ta ba ta haske awa da yawa kowace rana. A cikin sanyin nan shuka takan yi barci. Ba ta girma, ba ta fure. Ganye da yawa ya zube, ta yi muni, har mutum ya ce ta mutu.

Nan ne ake gane gwani. Sabon shiga in ya ga ganye yana zuba, sai tausayi ya kama shi, ya ɗauko buta. Gobe ya ƙara. Shukar da ke barci kuwa ba ta shan ruwa sai kaɗan. Ruwan ya kwanta a tukunya, saiwa ta ruɓe, gindin kara ya yi baƙi ya yi laushi. In ya kai haka, babu magani. Masu furanni sun san cewa yawan ruwa ya fi ƙishirwa kashe jeraniyom a wannan lokaci. Gwanaye sukan sa yatsa cikin ƙasar tukunya. In da sauran laima, sai su bar ta. In ta bushe ƙamas, su ɗiga mata ɗan ruwa, wani lokaci sau ɗaya a mako uku ko huɗu. Taki kuwa ba a ba ta ko kaɗan. Haka za a yi ta yi wata huɗu ko biyar.

A ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, yini ya fara tsawo. Sai a tashe ta. A datse rassan, a bar kamar santimita 10 zuwa 15. A fitar da ita daga tukunya, a kakkaɓe tsohuwar ƙasa, a sa sabuwa. Dole tukunyar ta kasance da huda a gindi don ruwa ya fita. Ba a sa ta a wadda ta fi ƙarfinta, domin a babbar tukunya ganye take yi da yawa, fure kaɗan. Daga nan a kai ta taga mai rana, a fara ƙara ruwa sannu-sannu. In sabon toho ya fito a tsinke kansa, don ta yi rassa ta cika.

Reshe daga hannu zuwa hannu

Rassan da aka datse ba a zubar da su. Su ne iri. Tsoffin kalolin jeraniyom da reshe ake yaɗa su, kamar yadda ake dasa karan rogo ko yaɗon dankali. A yanki reshe mai tsawon yatsa, a yanke shi daidai ƙarƙashin gaɓa, a cire ganyen ƙasa, a soke shi cikin ƙasa mai rairayi. Cikin mako uku ko huɗu ya yi saiwa. Furen da zai yi daidai yake da na uwar, ba bambanci.

Ta haka fure ɗaya yakan zauna a gida shekara 50 ko fiye. Uwa ta ba ɗiyarta reshe ran da za ta tare. Maƙwabciya ta ba maƙwabciya. Akwai wani camfi a ƙasar: wai in an ba mutum reshe, kada ya yi godiya, in ya gode ba zai kama ba. Wasu ma sukan ce wanda aka tsinka a ɓoye ya fi kamawa. Magana ce ta tsofaffi, amma har yanzu ana faɗinta ana dariya.

Dararen ƙarfe

A watan Afrilu da Mayu dusa ta narke a yawancin ƙasar. Furannin da suka fara fitowa a garka su ne masu albasa a gindi, kamar tulif. Su dabam suke da jeraniyom. Tun watan Satumba ko Oktoba ake binne albasarsu a ƙasa, domin sai ta sha sanyi na wata uku ko fiye sannan take yin fure mai kyau.

A cikin ɗaka kuwa tagogi sun cika maƙil. Ban da furanni ga ƴan tukwanen tumatir da barkono da aka shuka tun Fabrairu ko Maris. Kowa ya ƙagara ya fitar da su. Amma shukar da ta tashi a bayan gilashi ba ta san iska ba, ba ta san zafin rana ba. In an fitar da ita kai tsaye ganyenta ya ƙone. Don haka ake saba mata: a fitar da ita da hantsi a sa a inuwa, a shigar da ita da maraice. Kullum a ƙara mata lokaci, har mako guda ko biyu.

Duk da haka da sauran haɗari. A farkon watan Yuni, bayan kowa ya saki jiki, akan samu daren da sama ta washe, iska ta tsaya cik, sanyi ya sauko da asuba ya daskarar da raɓa. Mutanen Suwidin suna kiran irin waɗannan darare da suna dararen ƙarfe. Aikin wata tara yana iya lalacewa kafin fitowar rana. Mai hankali yakan ajiye farin ƙyalle marar nauyi kusa, ya lulluɓe shukarsa in ya ga alama. Don mutane su san abin da zai rayu a wurinsu, ƙungiyar masu garka ta ƙasar ta raba Suwidin yanki 8, daga na 1 a kudu mai sauƙin sanyi zuwa na 8 a arewa. Mai sayen itace ko fure yakan tambayi lambar yankinsa kafin ya biya.

In dararen nan sun wuce, sai rana ta biya bashi. A watan Yuni yinin Sitokolm ya fi awa 18. A Kiruna rana ba ta faɗuwa har wajen kwana 50. Shuka tana samun haske dare da rana, tana girma da sauri. A ƙarshen Yuni ake babban bikin tsakiyar shekara. Mata da yara su ɗaura kambin furanni a ka, a ci sabon dankalin turawa. Ƴammata kuma su tsinko fure kala bakwai su sa ƙarƙashin matashin kai, wai don su yi mafarkin wanda za su aura.

Mazauna birni da ba su da fili ma ba a bar su a baya ba. Tun farkon shekarun 1900 wata mace mai suna Anna Lindhagen ta yi ta fafutuka har aka fara yanka wa ma'aikatan Sitokolm ƙananan garake a gefen gari. Lokacin yunwar yaƙin duniya na farko, wajen 1917, dankali aka fi shukawa a cikinsu. Yau furanni da kayan miya sun cakuɗe a ciki, kuma mai son samun guda yakan jira shekaru.

Rumbun tsofaffin iri

Da shaguna suka cika da furanni masu araha, mutane da yawa sun daina wahalar adanawa. Su saya a Mayu, su zubar a Oktoba. Tsohuwa kuma in ta rasu, sau da yawa tukwanenta sukan bi shara, kalar da ta raya shekara da shekaru ta ɓace ke nan. Hukuma ta lura da wannan asara. Aka yi shela a ƙasa duka: duk mai tsohuwar shuka a gidansa ya ba da labarinta. Mutane suka aiko da wasiƙu da hotuna da rassa, kowa yana faɗin daga hannun wa tasa ta fito. Masana suka dasa su, suka gwada, suka zaɓa. A 2016 aka buɗe rumbun iri na ƙasa a Alnarp, a kudancin Suwidin. A can ake raya tsofaffin itatuwan marmari da wardi da furannin tukunya. Wasu daga cikinsu an yaɗa su an mai da su kasuwa, kowane da takardar tarihinsa.

Su jeraniyom ɗin Alnarp ba a iya zuba su a buhu a rufe kamar hatsi. Da ransu ake riƙon su. Kowace shekara ma'aikatan wurin sukan rage musu ruwa in duhu ya shigo, su datse su in rana ta dawo, su soke sabbin rassa a ƙasa.