Amfanin Zanen Jikin Jakin Dawa

A watan Yuli na shekarar 2018, wani ɗalibi ya ɗauki hoton wata dabba a wani gidan namun daji da ke birnin Alƙahira. An ce jakin dawa ne, amma kunnuwansa dogaye ne, kuma baƙin zanen fuskarsa ya caɓe. Mutane suka ce jakin gida ne aka shafa wa fenti, shugaban gidan kuwa ya musanta. Ko ma mene ne gaskiyar maganar, da zane ake gane jakin dawa. To, mene ne amfanin zanen?

Jakin dawa dangin doki ne da jaki. Iri uku ne, kuma a gabashi da kudancin Afirka suke zaune. Fatarsa baƙa ce, gashinsa ne mai fari da baƙi, kuma ba a samun guda biyu masu zane iri ɗaya.

Tun zamanin Darwin masana suke muhawara a kan wannan zane. Wasu sun ce yana ɓoye shi daga zaki da kura, amma bincike ya nuna cewa waɗannan namun daji ba sa rarrabe zanen daga nesa. Wasu kuma sun ce yana sanyaya jiki, sai dai hujjarsu ba ta yi ƙarfi ba.

Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne na ƙudaje masu cizo, wato ƙudan tsando da bobuwa, waɗanda suke shan jini suna yaɗa cututtuka irin su sammore. A shekarar 2014, masani Tim Caro da abokan aikinsa suka gano cewa zanen ya fi yawa a inda bobuwa ta yawaita. A wani bincike kuma da suka wallafa a 2019, sun sanya wa dawaki riguna masu zane a wata gona a Ingila. Ƙudajen sukan taso, amma idan sun matso sai su kasa rage gudu, su bugi rigar ko su wuce.

A wani binciken da shi ma aka wallafa a 2019, an shafa wa baƙaƙen shanu farin zane a Japan, ƙudajen da suke sauka a kansu suka ragu da kusan rabi. Wannan labari ne mai muhimmanci ga makiyayan Afirka, waɗanda sammore take kashe musu dabbobi. Ashe ko jakin gida aka yi wa zane, yana iya samun sauƙin cizon ƙuda.